Ranar da Kunnen Tasha Ta Kawo Baba Mai Usur

Akwai wani ɗan abu da duk gidan talabijin ɗin ba wanda ya taɓa lura da shi. Idan baƙo yana magana, leɓen Kunne na ƙasa yana motsi. Kaɗan ne, irin na mai ƙoƙarin tuna inda ya ajiye makulli. Da wani ya gani ma, cewa zai yi addu'a take yi wa baƙon, don an saba kyautata mata zato a kan komai.

Kunnen Tasha ake ce mata, a taƙaice Kunne, kuma ta ci sunanta. Ita ce furodusar shirin hantsi. Ita ke nemo baƙin da za a yi hira da su, ta lallaɓa su su zo, ta tare su a bakin ƙofa, ta ba su shayi a ɗakin jira, in an gama ta raka su har mota tana ce musu sun yi kyau a allo. Sauran furodusoshi surutu ne jarinsu. Su cika baƙo da kirari, su yi masa dariya tun bai kai ƙarshen barkwancinsa ba. Ita kuwa Allah ya hore mata shiru. Ta zauna a gefen kujera, ta haɗa gwiwoyinta, ta zuba wa mutum ido, shi ke nan sai ya fara kwance mata kayan cikinsa. Wani likitan yara ya ce tun da yake bai taɓa samun wanda ya fahimce shi kamarta ba. Wata mai kamfanin sabulu ta yi kuka a kafaɗarta har hodar da aka shafa mata ta lalace, sai da aka sake. Manaja kuwa, duk taron da za a yi sai ya nuna ta da biro ya ce, "Ku koyi saurare wurin yarinyar nan."

Abin da ya kamata a rufa mata asiri a kai shi ne, Kunne ba ta saurare. Kunya ce ke ɗaure mata baki. Kuma a cikin shirun nan ba zaman banza take yi ba, amsar da za ta bayar take shiryawa. Ta gina jimla, ta rushe, ta sake ginawa, ta cire kalmar da take ganin ba ta dace da mai digiri ba. Kafin ta gama, baƙo ya bar wannan zance ya kama wani, sai ta ajiye ta fara sabuwa. In amsar ta ƙi ginuwa, sai ta koma kan babban aikinta, wato jawabin da za ta yi ranar da za a ba ta lambar yabo. Wannan jawabi ne ke motsa leɓen.

Abin da ke cetonta shi ne gyaɗa kai, kuma a nan dole a sara mata. Tana da na sauri, na "haka ne". Tana da na karkatar da wuya, na "ikon Allah". Sannan akwai babban, wanda take yi a hankali tare da lumshe ido, na ranar da murya ta yi ƙasa. Ba da kalmomi take zaɓa ba, da sautin murya ne, kamar yadda direba ke sauya giya ba tare da ya duba ba. Kundin da ta rubuta a shekararta ta ƙarshe a jami'a kuwa a kan muhimmancin saurare a harkar sadarwa ne, kuma ta samu maki mai kyau.

Duk wanda ya san ta a wurin aiki ba zai gane ta a gida ba. Da ta cire takalmi sai bakin ya buɗe. Yayanta, mai gyaran firji, Darakta yake ce mata. Umma ce ke shan yawancin laccar, tana ninke wanki a falo.

"Umma, abin da mutane ba su gane ba," in ji Kunne, tana zagaya teburi da kofi a hannu, "riƙe baƙo ilimi ne mai zaman kansa. Ba kiran waya ba ne kawai. Dangantaka ce. Akwai manyan mutane a garin nan da hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ji muryata."

"Wace muryar?" in ji Yaya daga tsakar gida. "Wadda in waya ta yi ƙara kike miƙo mini ki ce in ce kina wanka?"

"Wannan dabara ce. Ba a barin baƙo ya saba da samun mutum a sauƙaƙe."

"Allah ya ƙara wa Darakta dabara."

Gaskiya ne tana tsoron waya. Kafin ta kira baƙo sai ta shiga banɗakin ofis ta yi gwajin sallama a gaban madubi, sannan ta danna lamba tana roƙon Allah kada a ɗauka. Amma mutanen kirki ba sa tono irin wannan, kuma ba ya rage wa gwani komai.

Ana nan sai Manaja ya kira taro. Ya ce shirin hantsi ba ya jan masu kallo, kuma wani kamfanin katifa yana son lokacin. Idan ba a kawo baƙon da zai sa gari ya tsaya cak ba kafin ƙarshen zangon nan, za a rufe shirin. Mai gabatarwa za ta koma karanta labarai. Kunne kuwa za ta koma inda ta fara, wato teburin da ke bayan injin kwafi, inda ake buga rubutun nan mai gudu a ƙasan allo, wanda ba mai karantawa sai in an yi kuskure.

"Mutum ɗaya ne zai cece ku," in ji Manaja. "Baba Mai Usur."

Kowa ya yi dariya. Baba Mai Usur tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne. Shekaru da yawa da suka wuce, ana tsakiyar wasan ƙarshe, filin ya cika maƙil, sai ya tsaya, ya cire usur ɗinsa daga wuya, ya juya ya fice daga fili. Bai sake hura wasa ba, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. Wasu sun ce barazana aka yi masa, wasu sun ce wani abu ya gani a cikin 'yan kallo. Duk ɗan jaridar da ya je gidansa, tambayar farko ce ke koro shi.

Manaja ya nuna ta da biro. "Ke za ki je. In akwai wanda zai iya, ke ce."

Kunne ta so ta ce ba za ta iya ba. Tana cikin gyara jimlar aka tashi daga taron.

Falon Baba ɗan ƙarami ne. Akwai fanka mai ƙara kamar tana tari, da kofunan wasa masu ƙura a kan kabad, da usur ɗin nan rataye a ƙusa kusa da agogon bango. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Mama, ta kawo shayi ta koma kujerar lungu tana ɗinke maɓallin riga. Baba ya harɗe hannu yana jiran tambayar da zai kore ta da ita. Tambaya ba ta zo ba. Kunne ta shirya ta tun a mota, amma da ta ga girarsa sai ta koma gyara ta. Suka yi ta zama, fanka na tari.

Can Baba ya sauke hannu ya ce, "Ke ba irinsu ba ce, 'yata."

Daga nan ya fara magana, bai kuma daina ba. Ta riƙa zuwa duk mako. Ya ba ta labarin ƙuruciyarsa, da gwiwarsa ta hagu, da 'yan wasan da suka yi masa rashin kunya suka zo suka tsufa. Aƙalla haka take zato, don takan tsinci kalma nan da can kamar mai wucewa ta bayan tagar mutane. Ta kai masa man zafi saboda gwiwar. Ta tura masa gaisuwar safiya a rubuce. A gida ta sanar cewa ta buɗe sabon babi a tarihin aikin jarida.

"Mutumin da ya gagari ƙasa baki ɗaya, Umma. Ni ban yi masa tambaya ko ɗaya ba. Wannan shi ake kira dabarar shiru. Wata rana za a koyar da ita a jami'a."

"To Allah ya sa," in ji Umma. "Ɗaga ƙafarki, kin taka mini zani."

Wata rana ana yayyafi, Baba ya tashi ya ciro usur ɗin daga ƙusa. Ya zauna yana juya shi a tafin hannu. Mama ta dube shi, ta dubi Kunne, ta ajiye allura ta fita. Murya ta yi ƙasa. Kunne ta gane sautin nan take, ta sa babban gyaɗa kai, mai lumshe ido. Yau ce ranar. Yau tsohon nan zai faɗi abin da duniya ke jira, kuma ita zai faɗa wa.

Wannan tunani ya yi mata daɗi har ta bi shi. Ta ga kanta tana shiga ofishin Manaja ba tare da ƙwanƙwasawa ba. A'a, gara ta ƙwanƙwasa, tawali'u ya fi kyau a irin wannan rana. Ta ga zauren ba da lambar yabo. Ta tsaya a kan matsalar da ta daɗe tana damunta: wa za ta fara gode wa, Umma ko Manaja? In ta fara da Umma za a ce tana da tarbiyya, in ta fara da Manaja za a ce ta san aiki. Yaya kuwa ba za ta ambace shi ba sam, ya ji a jikinsa. Ko ta ambace shi a ƙarshe, cikin raha, don a ga ba ta da riƙo. Sannan mayafi, ruwan toka ko shuɗi?

Da ta dawo falon, yayyafi ya tsaya, Baba yana share ido da bakin hannun riga.

"Shi ke nan, 'yata, kin ji abin da ban taɓa faɗa wa wani a waje ba. Zan zo shirin naku. Kin dai yarda da hakan?"

Kunne ta ji "zan zo" sarai. "Hakan" ɗin ne ba ta san ko mene ne ba. Ta ɗauka zancen mota ne, ko na rana. Tambaya kuwa za ta nuna ba ta ji ba, abin da bai dace da mai sunanta ba. Ta gyaɗa kai.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Baba. "Kin sauke mini dutse."

Labarin da ta rasa bai dame ta ba. Ai zai maimaita a gaban kyamara, ta ji tare da kowa. Tasha ta ɗauki sanarwa ba dare ba rana: Baba Mai Usur zai fasa ƙwai, kai tsaye, a shirin hantsi. Manaja ya fara ce mata "ranki ya daɗe" cikin wasa, ita kuma ta karɓa ba cikin wasa ba.

Ranar shirin ta tashi da wuri. Ta yi ta laluben takalminta a barandar ɗakinsu mai duhu, tana bitar yadda za ta amsa taya murna. Umma ta biyo ta har ƙofa tana faɗin wani abu. Sautin na aike ne, don haka Kunne ta ba ta gyaɗa kai na sauri ta fita.

Komai ya tafi daidai. Ta tare Baba da Mama a bakin ƙofa. Ta ba su shayi. Aka shafa wa Baba hoda a goshi yana ture hannun mai shafawar, aka maƙala masa ƙaramin makirufo a wuyan riga. Mama ta zauna a kujerar roba bayan kyamarori. Kunne ta shiga ɗakin sarrafa shiri, ta sa abin ji a kunne, ta tsaya bayan gilashi kusa da Manaja da fuskar wadda ta saba da irin wannan nasara.

Jar fitila ta kama. Mai gabatarwa ta yi gaisuwa, ta yi zagaye kaɗan kan gwiwa da ƙuruciya, sannan ta matso.

"Baba, ƙasa baki ɗaya tana jira. Me ya sa ka ajiye usur a ranar nan?"

Baba ya gyara zama. "Ai ba ni zan faɗa ba."

Mai gabatarwa ta yi murmushin da ake biyanta albashi dominsa. "Baba, wa zai faɗa in ba kai ba?"

"'Yata mana. Mun yi da ita. Na ce mata bakina ba zai iya ɗaukar maganar nan sau biyu ba. Zan zo in zauna, ita ta faɗa, ni in ce haka ne. Ta ce ta yarda." Ya sa hannu ya kare hasken fitila yana leƙen gilashi. "Tana ina? Ku kira ta."

A ɗakin sarrafawa kowa ya juyo. Manaja har ya tafa hannu. "Kun ga aiki. Shi ne kika ɓoye mana? A tafi talla. Ku sa mata makirufo."

Kunne ta so ta ce wani abu. Jimlar tana da tsawo, kuma tana buƙatar gyara. Kafin ta kai rabi an shafa mata hoda, an zura mata waya ta ƙarƙashin mayafi, an zaunar da ita a kujerar da ta yi shekaru tana zaunar da wasu. Ba ta taɓa sanin fitilun nan suna da zafi haka ba.

Jar fitila ta sake kamawa.

"Masu kallo, ga furodusarmu, wadda muke kira Kunnen Tasha. To Kunne, yau ke ake saurare."

Ta shiga cikin kanta da gudu tana buɗe ɗaki bayan ɗaki. Ta samu jawabin lambar yabo cif, daga sallama har godiya. Ta samu shuɗin mayafi, wanda a ƙarshe shi ta zaɓa. Daga labarin Baba kuwa ta samu yayyafi, da "zan zo", da wata kalma mai kama da "takalmi", wadda ba ta da tabbacin shi ya faɗa ko wani mai talla ne ya wuce ta bakin titi. Ta duba ko za a iya gina labari a kan takalmi. Ba ya ginuwa.

Leɓenta ya yi motsi. Mai kyamara ya matso da hoto har fuskarta ta cika allo. Duk wanda ya yi aikin talabijin ya san shirun numfashi biyu ma dogo ne. Wannan ya wuce haka nesa, har aka ji wani a bayan kyamara ya haɗiye yawu.

"Kunne?" in ji mai gabatarwa, murmushin ya fara tsagewa. "Abin da Baba ya faɗa miki."

Sautin muryar ya yi ƙasa. Jikin Kunne ya yi abin da ya iya. Ta lumshe ido, ta gyaɗa kai a hankali.

Baba ya dube ta. Sai hawaye ya zubo masa, ya yi hanya a cikin hodar.

"Kun gani?" ya ce wa kyamara. "Ni da bakina na ce ta faɗa. Amma ta duba zuciyata ta ga ban shirya ba. Ga duniya ta zuba mata ido, ga aikinta, ta zaɓi ta riƙe mini amana. A zamanin nan. To na fasa, 'yata. Mu bar shi tsakaninmu, ni da ke."

A kunnenta ta ji Manaja yana cewa, cikin wata irin murya marar gishiri, "A saka tallar katifa."

Bai yi mata faɗa ba. A baranda ya tsaya ya ce amana abu ne mai kyau, yana kuma girmama masu ita, kuma teburin bayan injin kwafi yana nan an share mata shi.

Duk da haka ta raka baƙinta mota, don aiki aiki ne. Ta ce wa Baba ya yi kyau a allo. Ya dafa mata kai ya shiga. Mama ta tsaya tana gyara jaka har sai da aka rufe ƙofarsa, sannan ta jawo Kunne gefe.

"Ba ki ji ba, ko?"

Kunne ta dubi ƙasa.

"Leɓen nan naki. Tun ranar farko na gan shi. Ni tun ina amarya nake yi masa haka, sai dai ni abin da zan dafa nake tunani. Kada ki damu, ba zan faɗa ba."

A nan ne Kunne ta yi tambayar farko da ta taɓa yi wa baƙo ba tare da gwaji a madubi ba. "Mama, to me ya sa ya ajiye usur ɗin?"

"Oho. Ya faɗa mini ranar da abin ya faru, na gyaɗa masa kai. Shekara da shekaru ina jin kunyar in sake tambaya. Da na ga ya ciro shi daga ƙusa, shi ya sa na ba ku wuri. Na ce ko ke za ki daure ki ji, tun da an ce har makaranta kika yi a kai, in ya so in tambaye ki." Ta buɗe ƙofar mota. "Ki riƙa zuwa dai. Yana jin daɗin hira da ke."

Kunne ta koma ciki ta wanke kofunan shayin baƙi. Ta zauna a bayan injin kwafi ta buga hasashen yanayi, ya bi ta ƙasan allo a guje, a ƙarƙashin wani mutum da ke barci a kan katifa yana murmushi. Da aka tashi ta tsaya a kantin bakin layinsu, don tana da tabbacin da safe Umma ta aike ta wani abu. Ta daɗe tana kallon kantoci. Ta sayi sabulu.

Umma ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta ɗaga kai ta dubi barandar da ke nan da duhunta.

"Ƙwan fitila na ce, Darakta."